Origin, source, beginning: don Allah a daina ce wa yara duk ɗaya ne

Malaman Turanci na sakandare da masu lesin ɗin JAMB, da ku nake yau, kuma da girmamawa nake faɗa. Wannan ɗabi'ar ta jera kalmomi a allo, beginning, start, origin, source, root, commencement, inception, onset, genesis, sai a ja layi a ƙasa a ce wa yara duk ma'anarsu "farko", wallahi tana cutar da su fiye da yadda muke zato. Yaro zai haddace su tsaf ya ci tambaya biyu a jarrabawa, amma ranar da aka ce ya rubuta takardar neman aiki sai ka ga ya ɗauko wadda ta fi tsawo ya cusa ta inda ba ta shiga, tunda an nuna masa duk ɗaya ne kuma doguwar ta fi burgewa. Alhali ko ita JAMB ɗin ba ta ce ɗaya ba ne, nearest in meaning take rubutawa, wato wadda ta fi kusa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu a bakinmu ba ma yin wannan kuskuren. Muna da asali, tushe, mafari, farko, sanadi, majiya, maɓuɓɓuga, kowacce da gurbinta. Yaro ɗan shekara goma ba zai ce maka "farkonsa Bakatsine ne" ba, asalinsa zai ce. Ba zai ce "asalin damina" ba in yana nufin faɗuwarta. Kunnen yana nan, a gida ya samo shi, to me ya sa da an shiga ajin Turanci sai mu toshe masa shi?

Origin da source su aka fi rikitawa, kuma su biyun kowa ya taɓa cin karo da su a fom. Je kafe lokacin rijistar wata jarrabawa ko neman aiki ka tsaya bayan mai kwamfuta ka ji. Zai tambayi yaro state of origin, yaron ya ce Legas don can aka haife shi, mai kwamfutar ya ɗago kai ya ce a'a, ina ne garin babanka, sai ya ce Daura, a rubuta Katsina. Wannan shi ne origin, inda abu ya samo asali, abu ne da ya faru can baya ya wuce, ba ya canzawa. A fom ɗin buɗe asusun banki kuma source of income za ka gani, wato ta ina kuɗi ke shigo maka, albashi ne ko shago ko gona. Shi source yana nan yana ba ka har yanzu, kuma yana iya ƙafewa ko ya canza, bana kana sayar da hatsi baɗi kana tuƙa adaidaita. Shi ya sa ake cewa source of the river, kamar Kogin Kwara da ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini ya yi tafiyar kusan kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku, kullum daga can ruwan ke fitowa. Shi ya sa kuma ɗan jarida ke da source, abin da muke cewa majiya, ba shi da origin.

Misalin da nake so kowane malami ya kai aji shi ne na kwalara, don a labari ɗaya kalmomi huɗu za su zauna kowacce a wurinta. A shekarar 1854 amai da gudawa ya ɓarke a unguwar Soho a Landan, mutane na ta mutuwa, yawancin masana na lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo shi. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana bincike inda aka yi rashi, sai ya ga gidajen sun taru ne kewaye da wani famfon ruwa guda a titin Broad Street, ya je ya shawo kan hukumar unguwar aka cire hannun famfon. To wannan famfon shi ne source na annobar, daga nan mutane ke ɗibar cutar kullum a bokitansu. Amma ba shi ne origin na kwalara ba, ita cutar asalinta yankin bakin Kogin Ganges ne can Indiya da Bangaladash na yanzu, daga nan ta fara bazuwa duniya a 1817. Lokacin da mutum ya fara jin cikinsa na juyawa gudawa ta kama shi, wannan ne onset. Shi kuwa haɗuwar ruwan sha da na masai, abin da in ba a gyara shi ba ko an rufe famfo ɗaya gobe wani famfon zai ɗauka, shi Bature ke kira root cause, tushen matsala. Ka ga in ma'aikacin lafiya a ƙaramar hukuma ya rubuta rahoto ya sa origin inda ya kamata ya sa source, mai karantawa ba zai gane cewa akwai wata rijiya da ake buƙatar a je a rufe yau ɗin nan ba. Abin ya wuce maganar maki a jarrabawa.

Onset ɗin nan ma a lura, yawanci da abu mai zuwa da ƙarfi ko marar daɗi yake tafiya, ciwo, sanyi, yaƙi, sai kuma damina, shi ya sa hukumar kula da yanayi ta NiMet in ta fitar da hasashen shekara za ka ji tana maganar onset na ruwan sama a kowace jiha. Ba a cewa onset na biki.

Start da begin kam kusan ko'ina suna musanya, sai a wurare kaɗan, mota da janareta start ake yi musu, ba a begin ɗinsu. Commencement na takardun hukuma ne da lauyoyi, irin a ce Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya fara aiki ranar 29 ga Mayu 1999, kuma a Amurka bikin yaye ɗaliban jami'a ma sunansa ke nan, duk da a ƙarshen karatu ake yinsa. Inception na kafuwar ma'aikata ne ko ƙungiya, kamar ka ce tun kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Genesis kuma, wanda 'yan siyasarmu da marubutan jarida ke so kamar me, sunan littafin farko ne a Baibul, wanda a na Hausa ake kira Farawa, kalma ce mai nauyi ta yadda babban al'amari ya faro, bai kamata a ɗora ta kan saɓanin maƙwabta a kan kwata ba.

Akwai wata da ba a cika sa ta a jerin ba amma ya kamata ɗalibin jami'a ya san ta, provenance. Ita ba inda abu ya fito kawai take nufi ba, har da hannuwan da ya bi. Kayan tagullar birnin Benin na Jihar Edo kowa ya san origin ɗinsu, fadar Oba ce, wato sarkin birnin. Abin da gidajen tarihi na Turai ke bincike shi ne provenance, wa ya kwashe su lokacin da sojojin Ingila suka ci birnin a 1897, wa ya sayar wa wa, ta yaya suka kai Balin, kuma irin wannan binciken na cikin abin da ya kai Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar sama da guda 1,000. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji ana karanto isnadi, wane daga wane daga wane, cikin minti ɗaya zai gane wannan kalmar.

Na san aji ya cika, wani wurin yara tamanin malami ɗaya, ga manhaja ana bin mutum da ita, jerin nan shi ne hanya mafi sauri. Amma malam, ko uku kawai ka ɗauka a mako, ka ba kowacce jimla biyu na gaske, ɗaya inda take shiga ɗaya inda ba ta shiga, ka sa yaran su faɗi da Hausa me za su ce a wurin, asali ne ko tushe ko sanadi. Ku kuma ƙannena masu shirin WAEC, ƙamus ɗin da ke wayarku in kun buɗe kalma kar ku tsaya a layin farko, ku gangara ƙasa inda aka jero jimlolin misali ku ga da waɗanne kalmomi take tafiya, source of water, country of origin, onset of fever, ku kwafe su haka a haɗe cikin littafinku.