Ranar da Keke Ya Wuce Ni a Sabuwar Mota

Duk wanda ya sayi mota sabuwa fil, wadda ledar kujerunta ma ba a cire ba, zai gane cewa kuɗin ne kawai nasa, injin kuwa na jama'a ne. Maƙwabci yana da ra'ayi, abokin aiki yana da ra'ayi, har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba sai ya leƙo ta taga ya ce, "A dai lallaɓa ta, injin bai zauna ba tukuna." Kowa ya yarda cewa sabon inji yana bukatar lokaci kafin ya zauna. Yadda za a zaunar da shi ɗin ne ba a taɓa samun mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

Kawuna tsohon direban babbar mota ne, kuma a danginmu in ya yi magana a kan inji ba a ɗaukaka ƙara. Ya zo ya zagaya motar, ya sa na buɗe bonet, ya sunkuya ya shinshina, sannan ya miƙe ya yanke hukunci.

"Kai yaro, saurara da kyau. Kada allurar gudun nan ta wuce 40. Kullum da safe ka kunna ta ka bar ta a tsaye rabin awa, mai ya zagaya ko'ina. In ka tashi kuma, maza ka kai ta giya ta biyar, kada ka bari injin ya yi ihu. Sannu ba ta hana zuwa."

Na ce, "To, Kawu, an gama."

Haka na zama mai gadin mota. Da sassafe in tayar da ita, in jawo kujera in zauna kusa da ita ina sauraron numfashinta. Maƙwabta su fito su ce mini a dawo lafiya, su je su kai yara makaranta, su dawo su tarar da ni inda suka bar ni, su sake cewa a dawo lafiya. Daga baya suka daina cewa komai, sai dai su ɗaga hannu su wuce da sauri.

A kan titi abin ya fi muni. Wanda bai taɓa sa mota a giya ta biyar tana tafiyar kilomita 40 ba, ba zai san irin kakkarwar da take yi ba. Madubi yana rawa, makullan gida suna kaɗawa, haƙoran mutum suna haɗuwa. Uwargida ta dube ni ta ce, "Maigida, anya lafiyar motar nan ƙalau?" Na ce mata ai zaman ke nan injin yake yi, ta yi haƙuri. A bayanmu kuwa layi ya miƙe, ana ta danna oda, wasu in sun samu sun wuce sai su sauke gilashi su yi mini bayani da hannu. Na taɓa karanta cewa a Ingila, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, masu sababbin motoci kan liƙa takarda a gilashin baya suna roƙon na bayansu ya wuce domin injin sabo ne. Har na nemi kwali da alƙalami, uwargida ta ce in na liƙa to ita a ƙafa za ta riƙa tafiya.

Ranar da abin ya kai maƙura, wani yaro ne a kan keke, da kaya niƙi-niƙi a bayansa, ya zo daidai tagata ya rage gudu. Ya rage gudu fa, don mu jera. Ya leƙo cike da tausayi ya ce, "Baba, ko a taya ka turawa?" Kafin in haɗa amsa ya taka fedarsa ya ɓace. Uwargida tana kallon gaba, ba ta ko murmusa ba, ta ce, "Kawu rabin karin maganar ya faɗa maka. Sauran shi ne, sai dai a daɗe ba a je ba."

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya hana ni barci shi ne wata 'yar lamba a dashbod mai nuna lita nawa motar ke sha a kowace kilomita 100. Takardar kamfani ta ce lita 6 da ɗoriya. Tawa ta fara da 9, ta hau 11, ta doshi 14, alhali babu mai tuƙi a hankali kamata a duk faɗin duniya. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ko zan ga ɗigon yoyo, da safe kwali a bushe ƙamas. Na sauya gidan mai, na riƙa fitowa ina tsare mitar famfo da ido har mai zuba man ya tambaye ni ko mun taɓa samun saɓani. Na fara yi wa babban ɗana kallon tuhuma, yaron da ko keke bai gama iyawa ba.

A wannan hali na kai kuka wurin wani abokina mai son gudu. Da ya ji dokokin Kawu sai ya dafe kai.

"Kai, ka kashe injin nan da ladabi! Sabon inji duka yake so. Tun ranar farko ake taka masa totur har ƙasa, shi ne zai yi ƙarfi, ya rage shan mai. Kawo makulli ka gani."

Na ba shi a kan sharaɗin zagaye ɗaya. Allurar da ke ƙirga juyin inji, wadda a hannuna ba ta taɓa ganin 2,000 ba, sai ga ta tana leƙen 6,000, gab da jan layi. Na riƙe mariƙin saman ƙofa da hannu biyu, na karanto duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Shi kuwa dariya yake yi yana cewa, "Ka ji ta? Ka ji yadda take godiya?" Da muka iso danja ya taka birki, ni da gilashin gaba muka kusa gaisawa. Nan na karɓi makullina, na bar shi ya nemi hanyar gida.

Uwargida ce ta gano alƙalin, ba da niyya ba. Tana neman abin goge hannu a ɗan akwatin gaban kujerarta sai ta zaro littafin motar, yana nan a cikin ledarsa. Ta buɗe ta shiga karanta mini da irin muryar da ake karanta wa ɗalibi sakamakon jarrabawa. A kilomita 1,000 na farko kada a taka totur har ƙasa, kada a yi gudun wuce kima. Na ce madalla, abokina ya faɗi. Ta ci gaba: kada a daɗe ana tafiya a kan gudu ɗaya, mai yawa ne ko kaɗan, kuma kada a sa babbar giya mota tana jan ciki. A kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi, domin birki da tayoyi su ma sababbi ne. Kada a ja wata mota ko tirela sai an cika kilomita 800.

Na ce, "Ina wajen ɗumama inji na rabin awa?"

Ta juya shafi gaba da baya. "Wataƙila a littafin Kawu yake."

Ni dai ban yarda a kayar da Kawu da 'yar takarda ba, don haka na nufi wurin wani makanike da na daɗe da sani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge hannu, ya ɗauko wani tsohon fistin daga cikin tarkace ya nuna mini ramuka uku da ke zagaye da kansa. A nan ringi suke zama, in ji shi, biyu na sama suna tare ƙarfin wuta kada ya zurare ƙasa, na ukun yana share baƙin mai kada ya hau sama ya ƙone. Bangon silinda kuma da gangan ba a barinsa sumul daga masana'anta. Ana yi masa 'yan zane-zane sirara masu gicciye juna, suna riƙe mai, kuma suna aiki kamar zarto mai laushi, ringi suna gogar su har kowa ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. Zaman injin ke nan gaba ɗaya.

"To, Yallaɓai, abin da ke danna ringi a jikin bango shi ne ƙarfin wutar da ke tashi a saman fistin. In mota tana tsaye tana silo, ƙarfin nan kaɗan ne, ringi lallaɓa bango kawai suke yi. In aka daɗe a haka bango yana iya yin santsi tun ringi ba su zauna ba, sai ka ga sabuwar mota tana shan baƙin mai. In kuma aka yi mata irin na abokinka, zafi ya yi yawa a wuraren da ba su gama gogewa ba. Giya ta biyar a 40 kuwa, wannan zalunci ne kawai."

Na ce ai Kawu ya yi shekaru yana tuƙi. Ya ce bai musa ba, a zamaninsa akwai gaskiya a maganarsa. Motocin da suke da kafireto ba sa tafiya daidai sai sun ɗumama, kuma aikin masana'anta bai kai na yanzu kyau ba, shi ya sa ake juye baƙin man farko da wuri don a fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Ta yanzu kwamfuta ce ke auna mata mai. Ka kunna, ka ɗaura bel, ka tashi a hankali, a kan tafiya ta fi saurin ɗumama.

Game da abokina kuwa, akwai abin da na ajiye masa. Kamfanin BMW, wanda ba a san shi da ƙin gudu ba, yana ce wa masu sababbin motocinsa na fetur kada su wuce juyi 4,500 a minti har sai sun cika kilomita 2,000. Chevrolet Corvette ta 2020 kuwa ko amana ba ta ba mai ita: kwamfutarta da kanta take rage ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu har sai an yi mil 500, wato kilomita 800. Masu ƙera ta sun san irin abokina suna da yawa.

Sai batun lambar da ta hana ni barci. Makanike ya yi dariya har da tari. Ƙaramar mota in tana tsaye a kunne tana shan tsakanin rabin lita zuwa lita guda a awa, kilomita kuwa sifili, kuma kwamfuta duk tana haɗawa a lissafi. Ga shi inji mai sanyi ya fi shan mai. Ragowar kuma na sabunta ne: ƙarafan ciki suna matse da juna, sai sun goge za su saki. Hukumomin Amurka masu auna shan man motoci ma sun ce sabuwar mota ba ta kai wa ga mafi ƙarancin shanta sai ta yi mil 3,000 zuwa 5,000, kimanin kilomita 5,000 zuwa 8,000. Ya ce in fita babban titi in riƙa sauya gudu, in hau in sauka, in bar inji ya rage wa motar gudu da kansa in na ɗaga ƙafa.

Ni mutum ne mai cika umarni. Ranar hutu na kwashi iyali muka hau babban titi. In kai 90, in sauko 60, in koma giya ta huɗu in haura 100, in ɗaga ƙafa in dawo 70. Ƙaramar 'yata ta ce cikinta yana juyawa. Wata babbar mota da ke bayana ta wuce ni, na wuce ta, ta sake wuce ni, har yaron motar ya fara nuna ni da yatsa yana kaɗa kai. Ba a jima ba na hango fitila tana walƙiya a madubi.

Jami'in ya sunkuyo ya ƙare mini kallo, ya ɗan ja iska ta hanci.

"Malam, barci kake ji ko wani abu ka sha?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ringi nake zaunarwa."

Ya dubi uwargida, ta kawar da kai tana kallon daji. Na fito na shiga yi masa bayani, na dunƙule hannu ɗaya na mai da shi silinda, ɗaya hannun fistin, ina sama ina ƙasa a bakin titi, motoci suna rage gudu suna kallo. Da na ga bai gamsu ba na miƙa masa littafin. Ya karanta shafin a tsanake, ya ce littafin ya ce kada a daɗe a gudu ɗaya, bai ce a sauya duk bayan numfashi biyu ba. Ya mayar mini, ya juya zai tafi, sai kuma ya dawo ya rage murya: ƙaninsa ya sayi sabon babur, shi ma haka ake yi masa?

Tun da na daina gadin safe lambar ta fara saukowa, yanzu tana wajen 8, motar kuma ta daina kakkarwa, tana amsa totur da sauƙi. Kawu ya ce albarkar haƙurin farko ce. Abokina ya ce zagayensa ɗaya ne ya buɗe mata ƙirji, har yana neman in ba shi ya ƙarasa aikin.

Jiya da yamma Kawu ya kira. Tsohuwar motarsa ta mutu a hanya, in zo in ja shi zuwa gareji. Na dubi mita, tana 790. Na gyara murya, cikin ladabi na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, littafin motar ya hana jan wata mota sai an cika kilomita 800."

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke.

"Saura nawa?"

"Goma."

"Daga gidanka zuwa nan sha biyu ne. Ka taho da igiya."