Alhaji Bakano zai yi gudun famfalaki

Bazazzagi ne ya leƙa shagon abokinsa Bakano a Kantin Kwari, sai ya tarar da shi zaune kan dilar atamfa sanye da kambas sabo fil, ga kwanon gurasa a gabansa.

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Alhaji lafiya? Kambas da babbar riga, ko Hisba ce ta biyo ka?

BAKANO: Amin alaikumus salam, ɗan Zazzau zauna ka sha labari. Gudun famfalaki zan shiga, na Legas ɗin nan da aka saba yi a watan Fabrairu tun 2016. Na ji an sha ba wanda ya zo na ɗaya dala 50,000, na kira yarona na Wapa ya buga min lissafi, wallahi da kai aka faɗa wa kuɗin nan da yanzu ana yayyafa maka ruwa.

BAZAZZAGI: To ka san nisan kuwa?

BAKANO: Ba gudu ba ne? In an gaji a tsaya a sha fiya wata.

BAZAZZAGI: Kilomita 42 ne fa da ɗoriya, kamar ka tashi daga nan a guje sai Wudil. Shekara da shekaru daga filin wasa na Surulere aka riƙa tashi da sassafe, a hau gadar Third Mainland wadda ita kaɗai ta kusa kilomita 12, ba rumfa ba mai shayi, sai can Eko Atlantic ake tsayawa. Kai da ko masallacin layin nan sai an tada iƙama kake ɗaga ƙafa.

BAKANO: Hassada ga mai rabo taki. Ai na fara tirenin.

BAZAZZAGI: Yaushe?

BAKANO: To ka ga dai yadda abin yake, ranar Litinin na yi niyyar fita bayan asuba sai ga kwantena ta iso, Talata kwastomomina na Nijar suka zo kuma ka san ba a barin mai sefa ya jira, Laraba kwanan amarya ne na ɗauko kambas ta ce ina za ka da duhun nan, na ce gudu, ta ce gudu zuwa ɗakin wa? Alhamis ta'aziyya, Juma'a Juma'a ce, Asabar ɗaurin aure huɗu har da na Bichi.

BAZAZZAGI: Lahadi fa?

BAKANO: Haba Malam, mutum ba zai huta ba?

BAZAZZAGI: Ka huta da me? Su mutanen Kenya da Habasha da suke zuwa su kwashe kuɗin nan ba su da wata sana'a sai ita. Akwai wani gari Iten a Kenya, kan tsauni yake wajen mita 2,400, can suke kwana suke tashi suna gudu safe da yamma, wani a sati ɗaya sai ya ci kusan kilomita 200. Kipchoge ɗan Kenya a 2019 a birnin Biyana bai cika awa 2 ba ya gama kilomita 42 ɗin nan. Ko 'yan gida da suke ɗan taɓukawa yawanci 'yan Filato ne, su Fankshin, masu hawa dutse tun suna yara.

BAKANO: Dutse? Mu da muke da Dala da Goron Dutse za a yi wa gorin dutse?

BAZAZZAGI: Ka taɓa hawa?

BAKANO: Ina ganinsa kullum ta gilashin mota.

BAZAZZAGI: Ni dai kirarin da ake wa Kano tumbin giwa yau na gane a jikin wa yake. Kuma ka san da gajeren wando da singileti ake yi ko?

BAKANO: A'uzubillahi! Surukaina su gan ni a talabijin da cinya a waje? Da kaftani zan yi, in ya so a rage masa tsawo. Kuma kai da kake ta surutu tsaya ka ga shaida, ga agogon da na sayo a Dubai, duk takun da mutum ya yi sai ya ƙirga ya turo waya. Duba nan. Jiya taku dubu 24.

BAZAZZAGI: Ikon Allah. To ina agogon? Ban gan shi a hannunka ba.

BAKANO: Yana hannun Ɗanliti, na aike shi Singa.

BAZAZZAGI: Yaron shago?! Alhaji ai shi yake tirenin ba kai ba!

BAKANO: Agogon na waye? Wayar ta waye? Ɗanlitin wa yake ba shi kuɗin abinci? Kai matsalarku ke nan 'yan boko, ba ku san harkar kasuwa ba, ni kaya ma ban taɓa ɗauka a kaina ba amma duk Kwari an san ni ne mai kayan.

Ana cikin haka sai ga Ɗanliti ya shigo da dila a ka, gumi har ƙafa, ko haki ba ya yi.

BAKANO: Yauwa ɗan albarka. Malam kalli ƙafafun nan don Allah, wane ɗan Kenya? Shi zai yi gudun, ni in tsaya a Eko Atlantic ɗin da babbar rigata in karɓi cek.

BAZAZZAGI: Ba a wakilci a gudu Alhaji, lamba ake manna wa mutum a ƙirji da sunansa.

BAKANO: Aure ma da ya fi gudu daraja da wakili ake ɗaura shi.

ƊANLITI: Alhaji ai ni tuni na yi rajista a wayata, da sunana.

BAKANO: Da sunanka? Da izinin wa?

ƊANLITI: Agogon ne ya ce na cancanta.

BAKANO: Ciro min agogona! ...Tsaya tukuna. In ka ci, kashi nawa ne nawa?

ƊANLITI: Sai dai in biya ka hayar agogo Alhaji.

BAZAZZAGI: Ku kawo ruwa jama'a, yau Bakano ne zai suma.