Teburin shuɗi da bencin baya

Ranar da 'yata ta dawo daga makaranta ta ce, "Abba, ni 'yar teburin shuɗi ce," ban kawo komai a raina ba. Shekararta 5 da 'yan watanni, ba mu cika shekara da zuwa Ingila ba. Sai da aka kwana biyu, muna cin tuwo, ta ƙara da cewa 'yan teburin ja su ake ba littafi mai rubutu da yawa, nasu kuwa duk hoto ne. Ba wanda ya gaya mata. Launi kawai aka sa wa tebura, amma yaro ya san inda aka ajiye shi.

Raina ya ɓaci, washegari na tsaya na ga malamarsu. Ta yi min bayani a tsanake. Kusan duk bayan mako 6 ana kiran yara ɗaya bayan ɗaya a ji sautukan da kowa ya iya haɗawa, sai a sake rabo. Rabon na darasin karatu ne da safe kawai, daga nan kowa ya koma ajinsa. A ƙarshen aji 1 kuma akwai gwajin da gwamnati ta kawo tun 2012: kalmomi 40, rabinsu ba su da ma'ana ko kaɗan, an zana ɗan dodo a gefensu, don kada yaro ya tsira da hadda. Wanda ya karanta 32 ya haye. Dokarsu ta hana aji ya wuce yara 30 a waɗannan shekarun. Kafin shekara ta ƙare 'yar tawa ta bar teburin shuɗi.

Ba zan ce abin nasu ba shi da aibu ba. Akwai yaron maƙwabtanmu da ya shekara biyu a rukunin ƙasa, kuma na lura sau da yawa mataimakiya ake tura wa irin su a baranda, ƙwararriyar malama ta riƙe na sama. Su kansu masu bincike a nan sun daɗe suna cewa idan aka raba yara aji-aji bisa ƙoƙari aka bar su haka, na ƙasa ba sa amfana. Yaron nan yanzu da bakinsa yake cewa shi ba mai karatu ba ne.

Sai dai duk lokacin da na ji wani namu yana cewa raba yara wariya ce, firamarenmu ta gwamnati a Tudun Wada ta Kaduna nake tunawa. Ba a raba mu ba, a faɗa. Malam ya rubuta a allo, ya faɗa, mu amsa da ƙarfi har a ji mu a titi. 'Yan benci biyun gaba su ne ke karatu, saura bakinmu kawai ke motsi. A bencin baya akwai wanda muka gama aji 6 tare bai iya bambance b da d ba, kowane zango shi ne na kutal, kowace shekara kuma a wuce da shi gaba. Har yau idan na je gida na ji ana kiransa da sunan tsokanar da aka laƙaba masa a aji 3. In wannan ba wariya ba ce, mece ce? Bambancin kawai, tamu ba ta da launi kuma ba a sake gwaji bayan mako 6.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mu da muka yi makarantar allo ne muke ɗaukar wannan tsari baƙo. Wa ya taɓa ganin an ɗora yaro a farfaru bai gama babbaƙu ba don shekarunsa sun kai? Kowa da allonsa, ba ka wankewa sai ka biya malam ya gamsu. Kolo da titibiri da gardi suna zaune a zaure ɗaya, kowa a inda karatunsa ya tsaya, wani lokaci gardin ne ma ke biya wa kolo. Da safe mu je boko a jera mu bisa shekara, da yamma mu je allo a jera mu bisa karatu, kuma kowa ya san wanne ya fi zama a kai.

An kuma gwada abin a wuraren da suka yi kama da mu. A yammacin Kenya an bi makarantu 121 da aka raba 'yan aji 1 gida biyu, wasu bisa makin yaran, wasu barkatai. Bayan wata 18, inda aka raba bisa maki yaran sun fi, har da na ƙasan. Biyu daga cikin masu binciken, Esther Duflo da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 2019. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: malamin da ke gaban yara masu mataki ɗaya ya san daga inda zai faro. Ƙungiyar Pratham a Indiya ta gina aikinta a kan haka, kuma an gwada salon nata a Borno.

Inda nake jin tsoro shi ne ma'aunin. Turancin baki a Kaduna ba ƙwaƙwalwa yake aunawa ba, gida yake aunawa. Yaron da ya yi nasare shekara biyu kafin kuɗin uba su ƙare, da wanda ya tashi a Kakuri ko Sabon Tasha yana jin buroka a kasuwa, za su yi wa ɗan Rigasa fintinkau a magana, alhali ta yiwu duk cikinsu babu mai iya karanta layi ɗaya. Don haka karatu za a gwada, a takarda, yaro shi kaɗai. Wanda bai san baƙi ba a fara masa da ba, bi, bu na Hausa, tunda Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta. Turanci haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kaya ne da ba a ɗora wa wanda bai miƙe ba. Rukunin ƙasa kuma a ba shi malamin da ya fi kowa iyawa, ba ɗalibin da ya zo koyon aiki ba.

A 2017 jihar Kaduna ta girgiza da aka yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji 4, aka ce 21,780 ba su kai kashi 75 ba. An yi zanga-zanga, an yi ta musu a rediyo. Su 'yan aji 4 ɗin fa, wa ya zaunar da su ɗaya ɗaya ya ji abin da suka iya?

Ƙanwata tana koyarwa a wata firamare ta gwamnati a cikin gari, yaranta sun haura 80. Da na kawo mata maganar a waya dariya ta yi. "Yaya, kai dai kana Turai. Aji ɗaya gare ni, alli ɗaya, ga manhaja tana jirana." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Bayan mako biyu sai ga saƙonta. Ta samu kwali ta rubuta haruffa a sama, kalmomi a tsakiya, gajeren labari a ƙasa, ta rinƙa kiransu lokacin tara har kwana huɗu. Masu iya karanta labarin ba su cika benci uku ba. Yanzu takan ba su littafi su zauna da na tsakiya, ita ta fita da 'yan haruffa gindin darbejiya na rabin awa. Akwai wani dogo a cikinsu, ya kai shekara 12, ranar da ya haɗa "gida" da kansa ya roƙe ta ta ara masa kwalin ya nuna wa innarsa.

Ƙanwar tawa ta ce sufeto zai zo ranar Litinin duba littafin tsara darasi, ita kuma manhaja ta wuce ta da mako biyu.