Turmi 12 ya isa, a daina kewar turmi 15

Daren jiya a teburin mai shayinmu na Kubwa saura kaɗan mu ɓata da Baba, dattijon majalisarmu, kan damben boksin. Wani yaro ne ya kunna mana karawar Usyk da Fury a wayarsa, wadda aka yi a Saudiyya a watan Mayun 2024. Da aka zo turmi na tara, inda Fury ya riƙa tangaɗi igiya na tare shi, sai Baba ya dangwarar da kofinsa ya ce, "Da a zamanin turmi 15 ne, da ba a kai ga alƙalai ba. Yaran yanzu rabin dambe suke yi." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba." Ban kai ga kawo hujjata ba aka ɗauke wuta, kowa ya kama gabansa. To ga ragowar maganar.

Ban ce Baba ba shi da abin kamawa ba. A 1981 Sugar Ray Leonard ya kara da Thomas Hearns a Las Vegas. Zuwa ƙarshen turmi na 12 duk alƙalan uku Hearns suka ba, idon Leonard kuma ya kumbura suntum. A turmi na 14 Leonard ya rufe Hearns da duka har alƙalin wasa ya tsayar. Da dokar yau ce, Hearns zai tafi gida da kambu. Haka Rocky Marciano a 1952, yana baya a maki ya kwantar da Jersey Joe Walcott a turmi na 13. Namu Dick Tiger ma sai da ya cinye turmi 15 cur da Gene Fullmer a 1962 kafin ya karɓi kambun duniya. Waɗannan turmi ukun na ƙarshe a nan ake gane mai numfashi da mai zuciya, ban musa ba.

Amma mu yi lissafi. Kowane turmi minti uku ne, hutu minti ɗaya. Turmi 12 minti 36 ke nan ana dukan kai, turmi 15 kuwa minti 45. Wannan ƙarin minti tara ba irin minti taran farko ba ne. Lokacin gumi ya tsotse ruwan jiki, ƙafa ta yi nauyi, hannun da ke kare fuska ya fara sauka da kansa, mutum yana ganin naushi na tahowa amma jiki ya ƙi kaucewa. Ranar 13 ga Nuwamban 1982, Duk Koo Kim na Koriya ta Kudu ya yi ta musayar naushi da Ray Mancini har turmi na 14, sannan ya faɗi. Bayan 'yan kwanaki ya rasu a asibiti sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarsa ta kashe kanta bayan 'yan watanni, alƙalin wasan shi ma ya kashe kansa a shekarar da ta biyo. Bayan wannan ne hukumar damben boksin ta duniya, WBC, ta rage zuwa turmi 12, sauran suka bi a hankali, zuwa 1988 magana ta ƙare.

Kuma shi kansa damben da su Baba ke yawan kafa hujja da shi, na Muhammad Ali da Joe Frazier a Manila a 1975, ai bai kai turmi 15 ba. Bayan na 14 kocin Frazier, Eddie Futch, ya dubi yaronsa, ido ya rufe ba ya ganin hannun dama na zuwa, ya hana shi tashi. Frazier na roƙo a bar shi, ya ƙi. Ali da ya yi nasara ya ce bai taɓa kusantar mutuwa kamar ranar ba. Mu da muke zaune da kofin shayi da biredi ne muke ganin an rage mana daɗi.

Na san masu cewa ba tausayi ne ya sa aka rage ba, gidajen talabijin ne ke son damben da zai shiga awa guda har da tallace-tallace. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya. Na kuma san har yau ana mutuwa, ɗan damben Amurka Patrick Day a turmi na 10 ya faɗi a 2019, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Amma don ana hatsari a kan hanyar Kaduna ba za a ce a cire birki ba.

Sannan wa ya ce turmi 12 ba ya ba mutum damar farfaɗowa? Klitschko ya kai Anthony Joshua ƙasa a turmi na shida a Wembley a 2017, Joshua ya tashi ya gama da shi a na 11. Fury ya kwanta shame-shame a turmi na 12 gaban Wilder a 2018, muka ce shi ke nan, sai ga shi ya miƙe.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Bahaushe ne ke wannan ƙorafi. Ku je gidan dambe na Dei-Dei ku gani. A sa zare, kalangu na tashi, a yi turmi uku, in babu kisa, wato ba a kai kowa ƙasa ba, alƙali ya raba su, kowa ya koma ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada, a sake haɗuwa wata rana. Ban taɓa jin wanda ya ce Shago rabin dambe ya yi ba.

In ana neman abin gyara a boksin, a dubi alƙalai. A 1999 duniya ta ga Lennox Lewis ya fi Holyfield, aka ce canjaras. Ko turmi 20 aka yi ranar, idon da bai gani a 12 ba ba zai gani ba.

Yau da daddare zan koma wurin mai shayi. Na sauke turmi na 14 na Manila a wayata, na kuma cika caji. Zan miƙa wa Baba in ce ya bar kallon Ali, ya kalli fuskar Frazier.