Wifi na jama'a, amma wane ne jama'ar?

Salamu alaikum. Na karanta wani rubutu kan matsalar samun intanet a Nijar, inda marubucin ya ce mafita ita ce a kafa wifi kyauta a makarantu da tashoshin mota. Madalla, ba mu ƙi ba. Amma malam, ka yi maganar kamar Yamai kaɗai ce Nijar. Nan Tawa, kana barin gari ka nufi ƙauyukan Keita ko Buza, za ka tarar mutum ya hau tudu yana ɗaga waya sama don neman rezo. Kuran kuma babu, sai ka biya mai sola kafin wayar ta samu caji.

Wata matsalar ita ce harshe. Iyayenmu mata ba su yi lakwal ba, shafukan hukuma kuwa duk da Faransanci suke. Shi ya sa muryar WhatsApp ta fi komai amfani a yankinmu na Adar: da ita tsohuwa ke jin ɗanta da ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya, har ya gaya mata kuɗi sun iso.

Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya shigo, gaskiya ne, amma talaka ba ya iya sayen kayansa. Sai dai mairi (hukumar gari) ko ƙungiyar unguwa ta saya, a raba wa mutane da kuɗi kaɗan.