Man tsirrai a kan kaska: a gwada shi a ruga kafin a tallata

Da zarar damina ta kankama, kaska kan lulluɓe hantsar saniya, da ƙarƙashin wutsiya, da cikin kunne. Jinin da take tsotsa shi ne ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce cututtukan da ke biyo bayan cizonta, musamman kirci, mai lalata fata ya kuma ƙafar da nono. Ga wata sabuwar kaskar shanu, asalinta daga Asiya, da aka fara gani a Kwaddibuwa a 2007, yanzu ta iso Benin da Najeriya, kuma ta yi ƙaurin suna wajen bijire wa magungunan feshi irin su amitraz da cypermethrin.

Shi ya sa nake goyon bayan masu neman mafita a jikin tsirrai. Gwaje-gwaje sun nuna man kanumfari da na tsauri da na daddoya suna kashe ƙananan kaska, man 'ya'yan darbejiya kuma yana rage ƙwan da macen ke zubarwa da wanda zai ƙyanƙyashe. Darbejiya kuwa tun daga Maraɗi har Maiduguri babu garin da ba ta. Ko ba komai, amfani da man tsirrai ya fi a ga makiyayi yana shafa wa maraƙi baƙin mai ko maganin feshin gona, gobe kuma a tatsi uwar a kai nono kasuwa.

Sai dai abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji ba lallai ya yi a daji ba. Man tsirrai mai ƙamshi saurin tashi gare shi. Rana ta buga, ruwa ya wanke, kwana kaɗan sai a sake shafawa. Wanda ke da shanu 60 yaushe zai iya? In ba a tsarma shi ba yana ƙona fata, wasu nau'o'in ma guba ne ga kyanwa. Don abu ya fito daga ganye ba shi ke nuna ba ya cutarwa ba.

Aikin yana wuyan cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ta binciken kiwon dabbobi ta Shika. Su shiga rugage da damina, su auna cokali nawa za a zuba a lita nawa, bayan kwana nawa za a maimaita, nawa kuma zai ci makiyayi a kan kowace saniya. Ya kamata hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da kwalbar da ba ta da wannan bayani. Kafin nan, a ci gaba da cire kaska da sassafe, amma kada a murtsuke ta da yatsa, domin wasu na ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini da ke kama mutum.