Fasfo ne ke koyar da Turanci ko malami? Rayuwar Ba'amurke a ajin Koriya ta Kudu

Duk shekara a watan Nuwamba, ranar da ɗaliban Koriya ta Kudu ke rubuta jarrabawar shiga jami'a da suke kira Suneung, ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama a faɗin ƙasar na kimanin minti 35. A daidai lokacin ne ake kunna wa ɗalibai sautin gwajin sauraron Turanci, kuma hukuma ba ta son ƙarar jirgi ta sa yaro ya rasa ko kalma ɗaya. Ƙasar da ta ɗauki Turanci da irin wannan zafi, ba abin mamaki ba ne don ta kwaso dubban matasa daga Amurka ta zuba su a ajujuwa. A shekarar 2023 kaɗai, alƙaluman gwamnati sun nuna iyaye sun kashe won (kuɗin ƙasar) tiriliyan 27 da ɗoriya kan karatun da yara ke yi bayan an tashi makaranta, kuma Turanci da lissafi ne ke lashe kaso mafi tsoka.

Matashin da ke amsa wannan kira galibi bai daɗe da gama jami'a ba. Wani tarihi ya karanta, wani kasuwanci, wani ma ilimin wasanni. A gida bashin karatu na jiran sa, bashin da jimillarsa a kan Amurkawa ta haura dala tiriliyan 1.6, ga kuɗin haya da na asibiti da ke cinye albashin sabon ma'aikaci tun wata bai raba ba. Sai ya ga talla: za a biya kuɗin jirgi, a ba shi ɗaki da gado da firji, a raba kuɗin inshorar lafiya tsakaninsa da makaranta, a riƙa ba shi won miliyan 2 da wani abu duk wata, in ya cika shekara a ƙara masa albashin wata guda na sallama. Wa zai ga laifinsa idan ya haɗa kaya?

Ƙofa biyu ce a gabansa. Ɗaya ta gwamnati ce, shirin EPIK da aka fara a 1995, wanda ke rarraba malamai a makarantun firamare da sakandare, daga Seoul har ƙauyukan da motar haya ke zuwa jefi-jefi. Ɗayar kuma ta 'yan kasuwa ce, wato makarantun lesin da ake kira hagwon, waɗanda suka cika benaye a unguwanni irin su Daechi-dong da ke yankin Gangnam.

Wanda ya shiga ta gwamnati rayuwarsa na da tsari. Da safe ya cire takalminsa a bakin ƙofa ya saka silifas na cikin makaranta kamar kowa. Darasi 22 ne a kansa a mako, kuma ba shi kaɗai yake shiga aji ba, akwai malami ɗan ƙasa da ke tare da shi, wanda sau da yawa shi ne kuma mai raka shi banki, mai karanta masa takardar kuɗin wuta, mai yi masa tafinta a gaban shugaban makaranta. Da rana ya ɗauki farantin ƙarfe mai gurabe, a zuba masa shinkafa da miya da kimchi, wato ganyen da aka tsima da yaji, ya zauna cikin malamai suna hira yana murmushi ba tare da ya san abin da ake cewa ba. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne lokacin hutu. Yara sun tafi gida, yawancin malamai ba sa nan, amma shi kwantiraginsa ya ce sai ya cika awanninsa. Sai ya wuni a ofis mai sanyi cikin rigar sanyi, yana kallon kwamfuta, babu aji babu aiki. Makarantar da ta san darajar malami ba za ta bar shi makonni yana gadin kujera ba, sai ta tura shi horo ko ta zaunar da shi da abokan aikinsa su tsara darussan zango mai zuwa.

Na hagwon kuwa agogonsa a juye yake. Yana fara aiki ne bayan azahar, lokacin da ƙananan motoci masu launin ɗorawa ke sauke yara a ƙofar bene, ya ci gaba aji bayan aji har dare. A Seoul sai da aka kafa dokar rufe irin waɗannan makarantu da ƙarfe 10 na dare, wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda abin ya kai. Yaron da ke gabansa da ƙarfe takwas ya riga ya yi makarantar safe, ya yi lesin lissafi, wataƙila ya yi na fiyano, abincin darensa ɗan abin da ya saya a shagon ƙasan bene ne ya ci a tsaye. Idanunsa sun yi ja, kansa na rinjaya. A wurare da yawa akwai kyamara a kusurwar aji, kuma an raɗa wa yaron sunan Turawa don malami ya ji sauƙin kira. Malamin ya san yaron barci yake buƙata, amma ya san uwar yaron ce ke biyan kuɗi, kuma in ta kira ta ce ɗanta ba ya jin daɗin aji, gobe mai makaranta zai kira shi ofis. Don haka sai ya ƙara fara'a, ya ƙara wasa, ya raba alewa, ya rubuta a takardar rahoto cewa yaro na ci gaba. A hankali sai koyarwa ta koma hidimar riƙe kwastoma.

In ya tashi, ya koma ɗakinsa guda mai ɗumin da ke fitowa ta ƙarƙashin daɓe, ya ware shara kashi-kashi a ledojin da doka ta ce a saya, ya ɗauki waya. Tsakanin Seoul da New York awa 13 ne da bazara, 14 da hunturu, don haka lokacin da yake son jin muryar mahaifiyarsa ita tana shirin fita aiki. Abokansa galibi baƙi ne irinsa, kuma duk ƙarshen kwantiragi sai wasunsu sun tafi. Masu ganin hotunansa a Instagram yana yawo a Busan ko tsibirin Jeju, kallon kitse suke yi wa rogo.

Amma duk wannan ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar tana cikin takardar da ta shigo da shi, bizar E-2. Don koyar da Turanci, galibi ana ba da ita ne ga 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Sharaɗin shi ne digiri, kowane iri, da takardar shaidar rashin laifi. EPIK na neman ƙarin shaidar kwas ɗin koyarwa na aƙalla awa 100 ga wanda bai karanta aikin malanta ba, hagwon da yawa kuwa ko wannan ba sa tambaya. Ke nan malamar da ta yi digiri a koyar da Turanci a Zariya ko Legon ta Ghana ko Nairobi, ta shekara goma da alli a hannu, ba za a ko buɗe takardunta ba, amma yaron da ya gama karatun kasuwanci a Ohio watan jiya, yana sauka a filin jirgin Incheon ya zama malami.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa nahawu ai malaman Koriya na koyar da shi, abin da yara suka rasa shi ne kunnen da ya saba da harshen da bakin da ba ya jin tsoron furta shi. Yaron da ya saba gaisawa da baƙo tun yana ɗan shekara takwas, ba zai daskare ba ranar da ya haɗu da shi a wurin aiki. Wannan gaskiya ne, kuma akwai Amurkawa da suka zo ba su san komai ba, suka dage, suka zama malamai na ƙwarai. Sai dai haihuwa cikin harshe daban, iya koyar da shi daban. A ɗauko duk wani Bakano da bai taɓa karantar nahawu ba, a sa shi gaban baƙi ashirin ya bayyana musu dalilin da ya sa ake cewa "na sayi doki" amma "na saye shi", a ga yadda zai kwashe da su. Zai ce haka ake faɗa, kuma iyakar abin da zai iya cewa ke nan. Malamin da ya koyi Turanci da gumin goshinsa ya san inda ɗalibi zai yi tuntuɓe, domin shi ma a nan ya yi. Ƙari a kan haka, yawancin mutanen da ɗan Koriya zai yi Turanci da su a rayuwarsa, a masana'anta ko a taron kasuwanci, 'yan Vietnam ne da Indiya da Jamus da ƙasashen Larabawa, ba 'yan Texas ba.

Kuma da zarar aka ce fasfo ake saya ba ƙwarewa ba, mataki na gaba shi ne a sayi fuska. Ana neman hoto tare da takardar neman aiki, kuma baƙaƙen fatar Amurka da Amurkawa 'yan asalin Asiya sun daɗe suna kokawa kan yadda wasu masu makarantu ke fifita fari, don shi ne iyaye suke ɗauka a matsayin Bature na gaske. Har yau Koriya ta Kudu ba ta da cikakkiyar dokar hana wariya da mutum zai dogara da ita. Daga 2007 an wajabta wa masu wannan biza gwajin cutar HIV, abin da ba a ɗora wa malamai 'yan ƙasa ba. Sai da wata malama 'yar New Zealand ta kai ƙara gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ya ba ta gaskiya a 2015, sannan gwamnati ta soke gwajin a 2017.

Shi kansa Ba'amurken da ake ganin an fifita, igiyarsa a hannun wani take. Bizarsa na ɗaure da makarantar da ta kawo shi, ɗakin da yake kwana ma na mai makaranta ne. In yana son sauya wurin aiki kafin kwantiragi ya ƙare, yawanci sai mai gidan ya ba shi takardar saki, duk wanda ke da ɗan'uwa da ya yi aikatau ƙarƙashin kafala a ƙasashen Larabawa ya san ma'anar wannan. Akwai masu makarantu na kirki da yawa, amma akwai kuma waɗanda aka sani da korar malami a wata na goma sha ɗaya don su tsere wa biyan kuɗin sallama, ko su riƙa cire kuɗin fansho a albashi ba sa kaiwa. Shi ya sa wasu malamai ke jira albashi ya shiga, su haɗa jaka cikin dare su nufi filin jirgi ba sallama. Washegari yara su zo su tarar da aji babu kowa, kuma su ne ba wanda ya tambaya.

Ba haka wannan hulɗa ta faro ba. Daga 1966 zuwa 1981 'yan sa-kai na hukumar Peace Corps ta gwamnatin Amurka sun yi aiki a Koriya, da yawansu suna koyar da Turanci, kuma kafin a tura su sai an koya musu harshen ƙasar. Cikinsu akwai Kathleen Stephens, wadda ta koyar a wata makaranta a Yesan daga 1975, ta iya Koriyanci, ta dawo a 2008 a matsayin jakadiyar Amurka a Seoul. Ta zo ne a matsayin mai koyarwa kuma mai koyo, kuma ni a ganina wannan ne abin da ya ɓace da harkar ta koma ciniki. Ba'amurken da zai shekara uku a gari bai iya karanta Hangul ba, rubutun Koriya da mutum mai himma ke koyon haruffansa cikin 'yan kwanaki, shi ma yana da nasa alhakin, domin ba zai taɓa fahimtar wahalar yaron da ke gabansa ba.

Gyaran ba ya buƙatar a kori kowa. A auna mai neman aiki da iya harshe da iya koyarwa, a bar batun inda aka haife shi. Koriya da kanta ta nuna ana iyawa, tunda a ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci da Indiya ta buɗe ƙofar EPIK ga malaman Indiya masu lasisin koyar da Turanci. Maƙwabciyarta Japan, wadda ta fara nata shirin ɗauko malaman Turanci daga waje, JET, a 1987, tana ɗaukar malamai daga ƙasashe da dama har da Filifin da Jamaika, kuma a can izinin zama na malamin ne, in ya bar wata makaranta yana iya komawa wata matuƙar aikin iri ɗaya ne, ya sanar da hukumar shige da fice. Idan Seoul ta ɗauki waɗannan biyun, mai hagwon zai rasa damar riƙe malami da barazanar biza, malamin da ya zo yawon buɗe ido zai tarar da gogaggu a layin neman aiki, iyayen da ke zuba tiriliyoyin won kuma za su fara tambayar abin da ɗansu ya koya maimakon ƙasar da malaminsa ya fito.